Shirun da Aka Cire

Shagon Mai Agogo ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin shagon tela da wata ƙofar ƙarfe da ba a taɓa ganin ta a buɗe ba. Agogo ashirin da wani abu ne rataye a bango. Yawancinsu an kawo su gyara ne tun shekarun baya, masu su ba su dawo ba, tunda yanzu kowa wayarsa yake dubawa. Shi dai kullum da safe sai ya wana su ɗaya bayan ɗaya. A cikin ƙararsu yake wuni, kuma hakan ya yi masa, domin mutum ne mai in'ina. Kalma takan tsaya masa a maƙogwaro, ta ƙi gaba ta ƙi baya, agogo kuwa ba ya tambayar kowa komai.

Mutane ba sa jiransa. Da ya fara “b-b-” sai su ƙarasa masa: “Batir? To sa masa.” Sau da yawa ba abin da zai faɗa ke nan ba, amma sai ya gyaɗa kai a wuce wurin. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba, matarsa. Takan ajiye abin da ke hannunta ta dube shi har kalmar ta fito don kanta. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. 'Yarsu tilo tana hannun ƙanwar marigayiyar a ɗaya gefen gari, kusa da makaranta, sai Asabar take zuwa. Uwata yake kiranta, kuma wannan kalmar ba ta taɓa sarƙe masa ba.

Wata Asabar ta zo da wayar innarta. Ta ce malama ta ba su aiki, kowa ya haɗa ɗan bidiyo a kan sana'ar wani a gidansu, da murya da hotuna da rubutu, a nuna ranar Alhamis a gaban 'yan aji da iyaye.

“Ki yi na innarki m-mana,” in ji shi.

“Rabin ajinmu 'ya'yan ma'aikatan asibiti ne irin Inna, Baba. Mai gyaran agogo kuwa ni kaɗai ke da shi.”

Tela ya leƙo, igiyar awo rataye a wuya. Lauya yake kiran maƙwabcin nasa, shekara da shekaru. “Yau Lauya za a ɗauka? Yarinya, ki cika wayar da caji. Kafin ya gama sallama an tashi kasuwa.”

“Koma ɗinkinka, Gobe,” in ji Mai Agogo. Gobe yake kiransa, domin duk wanda ya zo karɓar kaya amsar da yake samu ke nan.

Ta jingina wayar da gwangwanin ƙusoshi, ta zauna a benci tana karanto tambayoyi daga littafinta. Ya ba ta labarin yadda ya koya da kansa, da agogon bango guda da ya kwance ya ɗaura har sau tara. Ya nuna mata gilashin ido ɗaya, da hantsaki, da sifirin da bai kai gashin gira kauri ba. Gumi ya jiƙa masa riga. A ƙarshe ta ce, “Wane agogo ka fi so a shagon nan?”

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani ɗan agogon hannu na mata, igiyarsa ta koɗe. Ya riƙe shi a tafin hannu. Ya daɗe bai ce komai ba, kuma ba kalma ce ta tsaya masa ba. Can ya ce, “Na mamanki ne. Har yanzu yana tafiya.”

Minti goma sha ɗaya aka ɗauka.

Ranar Talata da hantsi saƙon bidiyo daga 'yarsa ya shigo wayarsa. Ya goge hannu ya danna. Ga shagonsa, ga sunan sana'ar an rubuta da farin rubutu, ga wani ɗan kiɗa a ƙasa-ƙasa. Sai wani mutum mai fuskarsa da rigarsa ya fara magana. Maganar tana zuba kamar an buɗe famfo. Ba tsayawa, ba murɗa baki. Duk inda ya kamata a ga wahalar, sai hoton hannunsa ko na bango ya rufe wurin.

Sau bakwai ya kalla. Abin da ya fi ba shi kunya, mutumin ya burge shi. Da shi ne wannan, da ya tsaya ya yi jawabi a wurin zaman makoki maimakon gyaɗa kan da ya wuni yana yi. Da wataƙila ma ba a ce yarinya ta fi dacewa da gidan da ake hira ba.

Tela ya tsaya a bayansa yana kallo, baki buɗe. “Lauya, ashe da gangan kake yi mana?”

Bayan tela ya koma, ya zauna yana juya abin a ransa. Ba a ƙara masa kalma ko ɗaya ba, duk nasa ne, daga bakinsa suka fito. To ina ƙaryar take? Amma ya san akwai masu gyara da kan daidaita hannun agogo kawai su miƙa wa mai shi. Lokacin da yake nunawa daidai ne, mai shi sai ya kai gida zai gane. Sannan ga ƙarshen bidiyon. Yarinyar tana tambaya, mutumin ya ɗauko agogon ya amsa nan take, “Na mamanki ne, har yanzu yana tafiya,” kamar wanda aka tambaya ƙarfe nawa.

Da la'asar ya yanke shawara ba zai je makarantar ranar Alhamis ba. In ya je, wani zai gaishe shi, dole ya amsa, yara kuma su gane uban da aka nuna musu ba shi ne wanda ya zo ba. Yarinyar ta gyara wa kanta uba. Ba shi zai je ya ɓata mata ba.

Laraba bayan an tashi makaranta sai ga ta da kayan makaranta, ranar da ba ta zuwa. Ta ajiye katin gayyata a kan tebur.

“Ƙarfe goma ne. Ka sa farar rigar nan, ba wannan mai tabon mai ba.”

“Ba zan s-samu zuwa ba, Uwata. Aiki.”

Ta dubi bangon, ta dubi teburin da babu komai a kai sai gilashinsa. “Wane aikin?”

Ya kau da kai. “Nuna min y-yadda kika yi.”

Ta matso, ta fito da wayar innarta, ta buɗe manhajar da ta haɗa bidiyon da ita. Ta ce kyauta ce, a intanet take, malama ce ta nuna musu, kowa a ajin da ita ya yi. Ga muryarsa an zana ta a kan allon kamar haƙoran zarto, wani wurin tsini-tsini, wani wurin a kwance shamal. “Inda ya kwanta shiru ne. In ka danna nan sai ta cire duka. Maimaicin kuma ni na bi na datse. Ta kyauta minti uku kawai take bari a fitar, Baba. Ko sakan ɗaya ya ɗaru ba za ta yarda ba.”

Ya daɗe yana kallon layin. Minti takwas na ransa ke nan, a kwance shamal.

“Da sun b-bar ki minti sha ɗaya fa?”

Ta buɗe baki ta rufe. Agogunan suka ci gaba da abinsu. Bai ƙarasa mata ba.

“Ban sani ba,” in ji ta a ƙarshe. “Akwai wata a ajinmu mai kwaikwayon mutane. Ban sani ba, Baba.”

Ya ji zafin amsar, amma ya ji daɗi da ba ta yi masa ƙarya ba. Ya sa yatsa kusa da ƙarshen layin. “Shirun nan wurin, na agogon mamanki. Wannan b-ba in'ina ba ce.”

“Na sani.”

“Ita na'urar ba ta sani ba.”

“Ana iya mayarwa. Sakan goma sha tara ne. Na mayar, na kalla, na sake cirewa.” Ta ja wayar jikinta. “Ba na so su gani. Ba su san ta ba. Yana nan a wurina, na ajiye shi dabam.”

“Kina k-kallo?”

“Wani lokacin. In Inna ta bar wayar ta tafi aiki.”

Ya yi ƙoƙarin hango ta ita kaɗai a ɗakin can da sau biyu kawai ya taɓa shiga, tana kallon ubanta yana shiru. Shi yana nan yana wana agogon da ba mai zuwa karɓa, ita tana can, gari guda a tsakaninsu.

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce, “Kujerar dai an rubuta Baba a jiki. In ba ka zo ba haka za ta zauna.”

Alhamis da safe ya wana agogunan, ya rufe shago. Tela ya dubi farar rigar, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa, ya miƙo hannu ya gyara masa wuyan rigar.

Ajin ya cika. An rufe tagogi da labule, an haska farin bango. Ya sami kujerarsa a layi na uku. An nuna ma'aikaciyar jinya, an nuna direba, an nuna wata ma'aikaciyar jinyar. Sai ga shagonsa, ya fi na gaske girma. Mutumin nan ya yi maganarsa tiryan-tiryan, ya ɗauko ƙaramin agogo, ya faɗi na wace ce. Aka tafa.

Malama ta ɗaga labule ɗaya. “Mun yi sa'a yana tare da mu. Baba, ko za ka ce wa yara wani abu? Ga shi bakinka da daɗin magana.”

Ya miƙe. Zai iya dafa ƙirji ya sunkuya ya zauna, kowa ya ɗauka kawaici ne, asirin bidiyo ya rufu. Ya nemi 'yarsa da ido. Tana tsaye kusa da allo, wayar innarta a hannu.

Ya buɗe baki. Kalmar ta zo ta tsaya inda ta saba tsayawa. Ya ji agogon bangon ajin, wanda tun shigowarsa ya lura yana baya da minti biyu. Sakan uku. Biyar. Wata yarinya a gaba ta toshe baki tana ƙyalƙyala. Malama ta matso da murmushi, leɓɓanta har sun fara haɗa masa kalmar.

“Malama,” in ji 'yarsa, “zai faɗa.”

Ta ajiye wayar a kan tebur, ta dube shi, ta jira.