Kututturen da Ruwa Ya Dawo da Shi

Muhuyi kafinta ne, amma duk wanda ya san shi a Bebeji ya san rabin hankalinsa ba a kan ƙofa da benci yake ba. Mutum ne mai tsince-tsince. Fasasshiyar kwalba ma in ya gani a hanya sai ya tsuguna ya ɗaga ta a rana, kamar wanda aka aika.

A bana kuwa abin da ya dame shi idon mahaifiyarsa ne, Inna Salamatu. Likita ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa ɗan ganin da ya rage mata da wuya ya kai damina. Ita kuma ba ta da zance sai na tsohon ƙauyensu da ruwan madatsar Tiga ya cinye shekara hamsin da suka wuce, da tsamiyar ƙofar gidansu. Yana ɗan shekara huɗu aka taso su, shi bai riƙe komai ba. Ya dai ƙudura sai ta ga wani abu na garin nan kafin duhu ya rufe.

Da ruwa ya ja baya a bazara, wani masunci, Hamman, ya kawo masa wani baƙin kututture a amalanke, ya rantse daga daidai tsohon garinsu ya ciro shi. Muhuyi bai tsaya tambaya ba, ya yanke wa kansa hukunci cewa tsamiyar ce.

Wata biyu yana fama. Ya kankare, ya goge, ya bar wata doguwar tsaga da ta ratsa itacen daga sama har ƙasa, ya jera mata gutsattsarin gilashi kore da shuɗi. 'Yarsa Rufaida, malamar kimiyya a Tudun Wada, ita ta nuna masa yadda zai karkata kowane gilashi haske ya karye a ciki ya fito launi-launi. Ya sa ƙaramin ƙwan fitila mai batir a cikin kogon itacen. Kai, abu ya yi kyau, har shi kansa sai da ya ji kunyar yabon kansa.

Ranar Juma'a da hantsi ya kai ɗakin Inna, ya saki labule, ya kunna. Haske ya bazu a bango yana rawa kamar ruwa a kwano. Ya ce mata ga tsamiyarsu ta biyo ta.

Tsohuwa ta ƙura ido, ta ce tana ganin kore-kore. Sai ta miƙa hannu ta shafa itacen, ta sunsuna, ta yi 'yar dariya. Ta ce shekara talatin yana sassaƙa bai san tsamiya ba? Ai tasu tun kafin tashi aka sare ta aka yi girki da ita. Wannan kanya ce.

Muhuyi ya miƙa hannu zai kashe, kunya ta ishe shi.

Amma yatsunta sun riga sun faɗa cikin tsagar. Ta bi ta a hankali har ƙasa, dariyar ta ɗauke.

"Bar shi," ta ce. "Kanya ɗaya ce a garin da tsawa ta tsaga haka. Ta bakin maƙabarta."

A ƙarƙashinta aka binne mijinta, baban Muhuyi. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka kullum da safe takan leƙa ta saman danga ta hango kan kanyar, ta yi masa addu'a. Tun da ruwa ya rufe wurin ba ta da inda za ta duba.

Muhuyi hawaye kawai yake yi, ga shi da furfurarsa. Ya tambaye ta a ina zai ajiye mata.

"Nan kusa da kaina," in ji ta. "In idon ya tafi, ai hannuna ya san hanya."