Babin da Datti Ya Cire

Shekara uku Datti ya yi yana kai-kawo tsakanin unguwar Setapak a Kuala Lumpur da wani ɗan tsibiri a gabashin Malesiya, duk saboda wata irin bishiya. Malamin jami'a ne, mutumin Gumel, gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur yin digiri na uku a kan tsirrai. Bishiyar ba ta kai magarya tsawo ba. Furenta fari ne mai ƙamshin kanumfari, yana buɗewa da fitowar rana, kafin azahar ya yanƙwane. Bishiya tamanin kacal ya ƙirga a duk tsibirin, kuma ba wanda ya san abin da ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan har ta yi 'ya'ya.

Datti ne ya gano. Ya lulluɓe wasu furanni da raga, ya bar wasu a buɗe, ya zauna a kujerar roba yana rubuta duk abin da ya sauka. Malam-buɗe-littafi yakan zo ya sha ya wuce, tsuntsaye ma haka. Amma fure ba ya kama ɗa sai wani ɗan ƙudan zuma baƙi marar harbi ya kutsa cikinsa, wanda Malayawa ke kira kelulut, irin rakuwar da Datti ya sha zumarta yana yaro.

A shekara ta biyu wani kamfani ya buɗe otal a bakin ruwan tsibirin. Baƙi suka yi ƙorafin sauro, sai aka fara feshin hayaƙin maganin ƙwari safe da yamma. Da can Datti yakan ƙirga zuwan kelulut sama da ɗari biyu a safiya ɗaya. Bayan wata bakwai ya ƙirga tara. A zuwansa na ƙarshe bishiyoyin sun yi fure fari fat, bai ga ɗa ko ɗaya ba. Ya dawo Setapak ya rubuta wannan duka a babi na biyar, ya haɗa da hotunan matattun ƙwarin da ya tsince a gindin kututture.

Farfesa Tajuddeen, mai duba aikinsa, ya kira shi ofis. Ya zuba masa shayi da hannunsa, ya yaba wa babi huɗun farko har Datti ya fara jin kunya. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan na biyar. Ya ce kamfanin nan shi ya gina ɗakin rainon tsirran sashen, kuma ɗaya daga cikin manyansa yana majalisar jami'ar. Ya ce wa ya sani ko ruwan sama ne ya kori kelulut ɗin, ko wata cuta.

"Ranka ya daɗe, ina da lissafin ruwan sama," in ji Datti. "Bai canza ba."

"Na sani, na karanta," in ji Farfesa. "In ka bar babin nan a ciki, za su ce ka koma ka ƙara shekara biyu kana tara hujja. Kana da shekara biyu?"

Ba shi da su. Izinin zamansa zai ƙare a watan Yuni, jami'arsa ta gida ta riga ta aiko takarda sau biyu tana kiransa. Da ya gaya wa matarsa Murja, tana tsinke alayyahu a ɗan kicin ɗinsu, ba ta ce ya cire ba, ba ta ce ya bari ba. Ta dai ce Nuriyya, 'yarsu ta fari, ta fara amsa mata magana da Turanci, kuma Inna ta ce tana so ta ga jikokinta tun tana gani da ido.

Kwana huɗu ya yi yana buɗe babin yana rufewa. A na biyar ya goge shafi talatin da ɗaya, ya maye gurbinsu da sakin layi guda da ke cewa akwai buƙatar ƙarin bincike. Ranar kare aikin, masu jarrabawa suka ce sun daɗe ba su ga aiki mai tsafta haka ba.

Bayan mako biyu kamfanin ya shirya bikin dashen itatuwa a bakin tafkin Titiwangsa, cikin Kuala Lumpur. Dashe goma sha biyu aka kawo, Datti ne ya rene su daga 'ya'yan shekarar farko. An kafa rumfa, an raba huluna masu tambarin otal. Wata mata daga kamfanin ta kira shi gaba da sunan Dakta, ta ce da taimakonsu ya ceto bishiyar daga ɓacewa. Aka miƙa masa shebur, aka ce ya ɗan sunkuya, ya kalli mai hoto. Ya san za su girma su yi fure a nan, kuma ba abin da zai shiga furen.

Bayan an watse, Farfesa ya dafa kafaɗarsa ya ce su je makan, wato cin abinci, akwai shinkafa da kaza a rumfa. Datti ya ce yana azumi. Ba azumi yake ba. Ya cire hular ya ajiye a kan kujera, ya taka zuwa tashar jirgin ƙasa. Yana tsaye a dandamali Murja ta kira shi, ta ce ya biya kanti ya sayo igiyar ɗaure akwatuna.