Motar Safe

Manaja yana goge gilashin gaban motarsa da tsohuwar singileti lokacin da ta shigo layin, jaka a kafaɗa, farin takalmin asibiti a ƙafa. Ƙawar ƙanwarsa ce tun suna makaranta, yanzu ta zama nas, kuma ita ce ta fara jin labarin yana neman kai da motarsa.

"Yaya, ina kwana? Ka ce in zo da sassafe, ga ni. Ni dai ban taɓa jin cinikin mota tun kafin a karya kumallo ba."

"Gara a yi kafin rana ta yi zafi," in ji shi, ya kau da kai.

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Shi kansa sunan Manaja rabin gaskiya ne, don sito kawai yake kula da shi a kamfanin fenti, abokai suka liƙa masa. Motar kuwa, doguwa mai ƙofa huɗu, ta ga jiya ta ga yau. Ya canja mata shokozoba, ya liƙe lagireto har ya gaji, fulogi kuwa cin su take kamar gyaɗa. Duk wannan ya jure. Giyar motar ce ta karya masa gwiwa. Da sanyin safiya lafiya lau take shiga, amma da zarar mai ya ɗauki zafi, sai inji ya yi ta kururuwa mota tana ja da ƙyar, musamman a hawa.

Bakanikensa ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye, yana goge hannu a wando. "Giyabos ne gaba ɗaya. Ko na hannu ka samu, kuɗinsa ya kusa rabin kuɗin motar. Da ni ne kai, rabuwa zan yi da ita. Amma ka ji da kyau, wannan motar safe ce. Kada ka bari mai saye ya taɓa ta bayan hantsi."

A ranar dariya Manaja ya yi. A zatonsa wani baƙo zai zo, wanda ba zai sake ganin fuskarsa ba.

Nas ta zauna a gaban sitiyari, ta gyara madubi, ta tayar. Inji ya amsa a tsanake kamar bai taɓa laifi ba. Suka fita titi.

"Kai, Yaya, ai ba ta da ko ƙara! Wallahi hankalina ya kwanta da na ji taka ce. Dillalan nan ba na yarda da su."

"Uhm."

"Saboda Mama nake so. Ka san wankin ƙoda ake mata, a asibitin da ke bayan gada. Idan aka gama da tsakar rana ko tsayuwa ba ta iya yi, mu kuma mu yi ta tsaron tasi a bakin titi. Rannan a kan dakali ta kwanta."

Tsakar rana, kuma gada. Manaja ya san tsohuwar, ya sha cin abinci a gidanta yana yaro. Sai ya hango motar a ransa tsaye a tsakiyar hawa, ana ta danna mata oda, tsohuwar kwance a kujerar baya. Kunya ta rufe shi. Amma shi ma fa yana buƙatar kuɗin, kuma ya riga ya ce wa matarsa an gama magana.

Suka iso mahaɗa. Hagu ce hanyar komawa gida.

"Nan zan juya?"

"A'a, miƙe. Mu bi ta kasuwa."

"Ta kasuwa? Cunkoso fa, Yaya."

"Ba komai. Mota ai a cunkoso ake saninta."

Dabararsa ke nan, dabarar matsoraci: abin da ya kasa faɗa, motar ta faɗa da bakinta. Suka maƙale a bayan wata babbar mota, suna matsawa taku-taku har rana ta ɗaga, zafi ya fara bugowa daga ƙarƙashin ƙafarsa. Da suka fito ya nuna mata gada.

"Hau. Taka ta sosai."

Ta taka. Manaja ya riƙe kujera, yana jiran kururuwar da ya saba ji kullum a daidai nan. Giya ta shiga, ta sake shiga, sumul. Motar ta haye gadar kamar jiya aka fito da ita daga kamfani.

Nas ta gangara, ta tsaya a gefen titi, fuskarta cike da murna.

"Alhamdu lillahi! Na saya, Yaya. Bari in kira Mama in gaya mata."

Ta ciro waya. Ya kalli yatsanta a kan lambobin.

"Ajiye wayar tukuna, ƙanwata."

"Lafiya?"

"Giyarta ta mutu. Da rana ba ta hawa wannan gadar, ni na sani. Yau ce kawai ta rufa mini asiri, ni kuwa ban roƙe ta ba."