Katin Nuwamba

A zauren ƙasan cocin garinsu, can cikin gonakin masarar Ohio, akwai allon katako da ake rubuta sunan waɗanda suka ci gasar kacici-kacici ta Ranar Shugabanni. Sau goma sha ɗaya aka rubuta "Wendell da Loretta Krebs", amma mutanen garin rabin farko kawai suke karantawa, Wendell kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba. Shi ke miƙewa ya ba da amsa da muryar nan tasa ta tsohon mai raba wasiƙu, matarsa Loretta na zaune tana raɗa masa. Ita ce mai akwatin katuna goma sha biyu, kowane wata da nasa, ɗauke da sunayen shugabannin Amurka da aka haifa a cikinsa.

Wendell ɗan Oktoba ne, kuma babu wanda ya tsira daga jin haka. Ko a wajen aski sai ya ɗaga yatsu shida ya ce watansa ya fi kowane wata haifar shugabanni, shi ne dai ƙasar ta yi sake ta bari ya ƙare a gidan waya.

A bana sai sabon fasto ya zo da tsari. Ya ce ma'aurata sun cinye gasar, don haka ƙuri'a za a jefa a hula, kowa ya ja sunan abokin gasarsa. Ranar Lahadi bayan sujada aka ja. Wendell ya samu Maxine, tsohuwar da kunnenta ɗaya ya yi ritaya tun kafin ita. Loretta ta samu Malam Harlan Ostrander, malamin tarihi da ya dawo garin bara bayan rasuwar matarsa, mutum mai tsabta da ƙamshi, wanda aka ce ya ziyarci kaburburan shugabanni fiye da talatin.

Tun daga Litinin Malam Ostrander ya fara zuwa gidan da hantsi. Su zauna a teburin kicin, akwati a tsakiya, kofi yana tururi. Wendell ya tsiri gyaran famfon da babu abin da ya same shi.

"Satumba mutum ɗaya ne tal," in ji Loretta, "Taft. Da 'yarmu nake tuna shi, ita ma ta zo duniya da ƙiba."

Malam Ostrander ya yi dariya har da cire tabarau. "Loretta, ai ke ya kamata a ba ajin da na yi shekara talatin ina ɓatawa. Ke fa, wane wata ne naki?"

"Nuwamba."

Wendell ya buga sifana a ƙasan famfo. Kishi ne yake cinsa, kuma ya san kishi ne. Shekara arba'in da ɗaya da aure, bai san matar nan tana da irin wannan dariyar ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne tunanin allon, a ce an rubuta "Loretta da Harlan" a ƙarƙashin sunayensu, duk wanda ya sauko shan kofi ya karanta.

Da baƙon ya tafi ya fito yana goge hannu. "Malamin kaburbura ya gama darasi?"

"Kai dai tsoho, famfon ya gyaru?"

"Mutumin da hutunsa yawon maƙabarta ne. Ki lura, kada ya auna tsawonki."

"Ya fi wanda hutunsa kujera ce." Ta rufe akwatin. "Ka je ka yi bita da Maxine mana. Ka zauna ta hagunta, shi ne mai ji."

Ranar Alhamis, Loretta ta fita kai wa maƙwabciya miya. Wendell ya buɗe akwatin. Sun tsaya a Satumba, saura wata uku. Oktoba ba ya satuwa, duk garin sun haddace shi daga bakinsa. Sai ya zare katin Nuwamba, ko kallonsa bai yi ba, ya ninke ya tura a aljihun rigar sanyinsa. Washegari ya ji Loretta tana juya katuna, sannan ta ce wa Malam Ostrander su wuce Disamba. Ba ta tambayi kowa komai ba.

Litinin ɗin gasa aka tashi da dusar ƙanƙara, amma da azahar zauren ya cika. Kek ɗin 'ya'yan itacen ceri na wanda ya ci gasar yana kan tebur kusa da fasto. Wendell ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Shekara goma sha tara na raɗa a kunne ba su tafi a banza ba. Ya san Coolidge ne aka haifa ranar huɗu ga Yuli. Da aka tambayi shugaban da bai taɓa aure ba, ya ce "Buchanan", ya ƙara da cewa, "mutum mai kwanciyar hankali," zauren ya kwashe da dariya. Ya saci kallon Loretta. Tana raɗa wa Malam Ostrander wani abu, kanta dab da kafaɗarsa.

Aka zubar da kowa, ya rage tebur biyu, nasu da na Loretta, makinsu ya zo ɗaya. Fasto ya ɗaga takardar ƙarshe.

"A wane wata aka fi haifar shugabannin ƙasar nan?"

Wendell bai bari ya sauke takardar ba ya miƙe. Maxine tana jan hannun rigarsa tana tambayar me aka ce, ya fizge. Ya ɗaga yatsu shida, ya juya don kowa ya gani.

"Oktoba. Mutum shida. Fasto, ko a barci ka tashe ni."

Fasto ya duba takarda, ya ɗan sosa ƙeya. "Amsar ba ta cika ba, Wendell. Ɗaya teburin?"

Malam Ostrander bai tashi ba. Ya ce, "Ita ta sani, ita za ta faɗa." Loretta ta miƙe a hankali, tana riƙe da bakin tebur. Yawancin mutanen zauren ba su taɓa jin muryarta a gasar ba.

"Wata biyu ne, kunnen doki. Oktoba shida, Nuwamba shida. A da biyar ne, sai aka rantsar da Biden ya cike."

Aka yi tafi. Wendell ya zauna, yatsunsa ba su gama naɗewa ba. Yana kallo aka kawo fenti aka rubuta sunayen, kuma Malam Ostrander ya nace a sa na Loretta a gaba.

A cikin a-kori-kurarsu, kek yana kan cinyar Loretta, injin yana ɗumama. Wendell ya daɗe bai saka giya ba.

"Malamin naki ne ya gaya miki."

"Ni na gaya masa. Kai ma na gaya maka, ranar rantsarwar, muna kallo a falo. Na ce, Wendell, yau watana ya kamo naka. Ka ce in miƙo maka gishiri."

Ya sa hannu a aljihu neman safar hannu, sai katin ya biyo ta ya faɗo tsakaninsu. Ya ɗauka ya warware. Sunaye biyar da tsohuwar tawada, na shida da sabuwa, duk da rubutunta. Kwana huɗu amsar tana jikinsa. Kunya ta rufe shi, ya miƙa mata katin ba tare da ya dube ta ba.

Loretta ba ta karɓa ba. Ta gyara zaman kek ɗin, tana kallon gilashin gaba.

"Riƙe shi," ta ce. "Shekara goma sha tara yana cikin akwatin nan, sai ranar Alhamis ka fara taɓa shi. Tun da ya zo hannunka, ka karanta."