Doya Uku a Faranti

Simon gwani ne a kan injin yankan ƙarfe, amma ta hanya ɗaya tak. Ka kawo masa abin da ya karye, ya jujjuya shi a hannu, ya yanko maka irinsa sak. Zane a takarda kuwa, ko kallo bai ishe shi ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano wurin aikinsa ya rufe, 'yan uwa kuma suka matsa masa lamba ya koma gida Wusasa. Matarsa Tamar, malamar makaranta a Badawa, ta ɗaure kaya tana hawaye, don ba ta son barin garin. Dama ɗaya ta rage musu: wani kamfani a Bompai yana neman mai aiki da inji, amma sai wanda ya iya karanta zane.

A bayan gidan Alhaji Ya'u suke haya a Nassarawa GRA, shi kuwa tsohon injiniya ne. Da ya ji labari sai ya miƙa wa Simon zane da wuƙa da doya.

"Sassaƙo min abin da ka gani."

Simon ya zauna gindin mangwaro ya duƙufa. Can ya dawo da gutsure uku a faranti, yana ta washe baki.

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗan nan! Ai abu ɗaya ne aka zana sau uku." Ya dire butar alwalarsa a kan tabarma. "Dube ta ta gaba. Leƙo ta sama. Zagayo gefe. Buta nawa ka gani?"

"Ɗaya, Alhaji."

"To haka zanen yake. Layin nan mai tsinkewa kuwa, rami ne a ciki wanda ido ba ya gani."

Daga ranar doya ta ga ta kanta a gidan. Duk abin da Simon ya sassaƙa, Tamar ta soya.

Ranar ganawa, injiniyan kamfanin ya shimfiɗa masa zane a tebur. Simon ya ƙura wa zanen ido. Sai ya miƙe tsaye, ya duba ta gaba, ya leƙa ta sama, ya zagaya gefen teburin.

"Malam, lafiya?" in ji injiniyan.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ƙarfe ɗaya ne, da rami a tsakiya wanda bai ɓulla ta baya ba."

Injiniyan ya yi murmushi. "Ka fara ran Litinin."

Da Tamar ta ji, sai ta shige ɗaki. Ta durƙusa ta kama kwance igiyar kayan nan. Sai da ta mayar da tukwanenta kan murhu sannan ta ɗago, ido jawur, tana dariya.

"Amma ka sani, doya ba za ta sake shigowa gidan nan ba sai Kirsimeti."