Masu Gadin Tsamiya

"Hagu! Na ce miki hagu, 'yar boko! A jami'ar taku ba a koyar da hagu da dama ne?"

Ina saman tsani da amya a kafaɗa, Baba Mai Zuma kuwa yana kwance a tabarma a gindin tsamiya yana ba ni umarni kamar shi ya haife ni. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara huɗu na yi ina karatun ilimin halittu, na dawo gida babu aiki, ga ni yau ina rataya wa ƙudan zuma gida saboda ƙafafun tsoho sun kumbura.

Mama ta leƙo ta saman katanga. "Ke, sauko kafin mutane su gan ki!"

"Su gani mana, Mama. Ai kallo kyauta ne."

Da can Baba amya arba'in gare shi a kurmin bayan unguwa. Aka yanka kurmin fuloti-fuloti, ya rage masa guda ɗaya a tsamiyar ƙofar gidansa. Ɗansa, direban tifa, shago yake so ya gina a wurin. Sau biyu ya kawo masu injin yankan itace, sau biyu ƙudan suka tarwatsa su, har wani ya gudu ya bar takalmi. Babu mai kunna inji a ƙarƙashin amya mai rai. To bana ruwa ya yi jinkiri, itatuwa ba su yi fure ba, zafi ya narkar da saƙar zumar har ta zubo. Ƙudan suka tashi suka bar gidan wayam.

"Muddin ina numfashi ba zai taɓa ta ba," in ji Baba. "Amma numfashin na aro ne. Sai mun dawo da masu gadi."

Wai sai an turara amyar da wata ciyawa mai farin fure da ke fitowa a bakin rafi. Kwana uku ina nemanta. Na ga bulo, na ga rodi, wani kare ya bi ni har takalmina ya tsinke. A rana ta uku na dire masa damin wata ciyawar dabam.

Ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Wannan ai ta shayi ce."

"Bincike ya nuna ƙamshinta yana jawo su, Baba."

"Shi binciken ya taɓa shan harbi?"

"Ni dai na sha rana. Taka ciyawar tana ƙarƙashin siminti."

"Har bakin rafin?"

"Babu rafin."

Ya juya fuskarsa wajen tsamiya. "To, goga mata."

Shi ne na sauko da amyar, na goge cikinta da ciyawar, na mayar. Asibiti kuwa Baba ya ce atafau ba zai je ba, wai yana ɗaga ƙafa za a ɗaga gatari. Na yi lallashi, na yi faɗa, na karanto masa sunan cutarsa. Ya ce in ajiye sunan, zai yi min amfani a jarrabawa. Kullum da safe sai na cika wani kasko da ruwa, da 'yan tsakuwa a ciki don kada ƙudan su nutse.

Ran Talata ya kira ni, muryar can ƙasa. "'Yar boko, kin zuba musu ruwa?"

"Su wa, Baba? Wata biyu ke nan ko ɗaya babu! Kai ka sha naka maganin mana!"

Na zuba dai, ina tsaki. Kafin azahar Baba ya rasu. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan.

Bayan mako biyu ɗan ya zo da masu inji. Suka tarar da ni zaune a tabarmar Baba, na jingina da tsamiya.

"Ƙanwata, tashi," ya ce. "Gadonki ce?"

"A'a, Yaya. Inuwa nake sha."

"Karatu dai ya lalata ki."

"Ya hana ni tashi kuma."

Babban mai injin kuwa sama yake kallo. Ya ajiye injin a hankali. "Maigida, akwai motsi a bakin amyar nan."

"Ƙudan guda uku ne fa!" in ji ɗan. "Ƙirga su!"

"Wancan karon ma da uku aka fara. Ni ne na bar takalmin."

Suka kwashe kayansu, ɗan yana bin su yana masifa, yana cewa zai nemo waɗanda ba matsorata ba. Na san ƙudan nan uku 'yan leƙen gida ne kawai, za su iya komawa su ce bai yi musu ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Na ɗebo ruwa na cika kaskon. Ɗaya daga cikin ƙudan ya sauko, ya zagaya sau biyu, ya sauka a kan tsakuwa yana sha.