Kwalba ta Bakwai

Kwalba ta tara surukin maƙwabcina yake tuttulewa a kwata lokacin da na fito da sandata.

"Kai! Me kake zubarwa?"

"Baƙin mai ne, Hedimasta. Masu dubiya na tafe, ɗakin Baba sai ka ce gareji."

"Wa ya ce maka ya lalace?"

"Haba Hedimasta, shekara ashirin ina kanikanci! Mai in ya yi baƙi ai ya mutu."

"Shekara ashirin, amma ba a koya maka tambaya ba?"

Na fizge ta goma daga hannunsa.

Maƙwabcina, wanda unguwa ke kira Baba Gwaji, shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da na'urori a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a. Da ya yi ritaya, sai ya duƙufa kan abu guda: gauraya man inji da wani baƙin gari mai suna nanotub, wato ƙananan bututun kabon da suka fi gashin kai siranta sau dubbai. Sukan shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe su hana su cin juna, sai dai garin yakan dunƙule ya kwanta a gindin kwalba. Ranar sha huɗu ga Maris, shekara uku da suka wuce, ya nuna mini kwalba ta bakwai, wadda ta yi wata shida garinta bai kwanta ba. Idonsa ya riga ya hana shi rubuta ma'auninta. Sai a makon nan wata tsohuwar ɗalibarsa ta amsa za ta zo ranar Asabar ta auna. Ranar kuwa Laraba ce.

Na same shi kwance, numfashi na yi masa wuya, tsohuwar fankarsa na juyawa a gefen gado.

"Tara na ƙirga," ya ce. "Har da ta bakwai, ko?"

Ban taɓa gyara tarihi don in faranta wa wani rai ba. Na ce, "Har da ita."

Ya ɗaga yatsa. "Hedimasta, saurara. Me kake ji?"

"Ba na jin komai."

"Yauwa. Wannan fanka a da kuka take kamar akuya. Ɗigo biyar na ta bakwai na sa mata, shekara uku ke nan. Kada ka bar wancan gwanin ya wanke ta."

Ya cika ranar Alhamis da hantsi. Bayan an kai shi, surukin ya tsugunna gaban fankar da sukurdireba da kananzir.

"In ɗan yi mata sabis ne, Hedimasta, kafin mutane su taru."

"Taɓa ta ka gani!"

Na rungume ta, ni da ba na iya ɗaukar buta cike, na ƙetare titi wayarta na jan ƙasa.

Tana ɗakina yanzu, kusa da kalanda. Tana juyawa ba ko ƙis, iskarta na ɗaga gefen takardar, tana sauke shi a kan Asabar.